Takardar Naɗe Balangu

Mu 'ya'yan mahauta ne, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba, ko a lokacin da nake makarantar horar da malamai 'yan ɗakinmu suna tsokanata wai ko turare na shafa ƙaurin kitse nake yi. A kasuwar Talata Mafara kakanmu ya kafa teburinsa, babanmu ya gada, da ya rasu kuma yayana ya tsaya a wurin. Teburin ba wani abin kallo ba ne. Katako ne mai kauri wanda sara ya cinye tsakiyarsa har ya yi kwarmi, ƙafarsa ɗaya gajera ce, an tokare ta da wani baƙin dutse tun kafin a haife ni. Da safe ɗanyen nama ake sayarwa a kai, bayan azahar a hura wuta a gefe a ɗora balangu. Da teburin nan aka ciyar da mu, da shi aka yi mini karatu har na zama malamar firamare.

Yaya ya girme ni nesa ba kusa ba. Bai yi boko ba, allo ya yi, daga nan sai wuƙa. Tun ranar da na fara koyarwa ya ajiye sunana ya koma ce mini Malama, yana jan kalmar yana lanƙwasa ta don kawai ya ba ni haushi. Mutum ne mai surutu da dariya, ga taurin kai kamar na tsohon bijimi. Abin da aka fi saninsa da shi a layin mahauta shi ne gyara. Kowane mahauci yakan ƙara wa mai saye ɗan yanki bayan an gama ciniki, amma Yaya sai ya dubi mutum tukuna. Tsohuwa ya ƙara mata hanta saboda haƙora, mijin mai jego ya tura masa kayan ciki, wanda ya cika ƙorafi a kan farashi kuwa ya jefa masa ƙashi yana dariya. Babanmu ne ya koya masa cewa gyara ba a roƙonsa, kuma ba a mayar da shi.

Ni nawa aikin a wannan sana'a shi ne takarda. Balangu ba ya son leda, gumi yake yi a ciki ya lalace, takarda yake so. Duk ƙarshen zangon karatu sai in tattara tsofaffin takardun jarrabawar 'yan ajina, in cika kwali in kai masa. Ina jin rabin garin nan sun ci nama a cikin lissafin 'yan aji huɗu. Yaya yakan ɗaga takarda ya ga jan biro ya yi mata yawa, ya girgiza kai ya ce, “Malama, wanga yaro kin zalunce shi. Turo mini shi in ba shi tsoka.”

Wata shekara ya fara rama. Zazzaɓi ya tafi ya dawo, tari ya ƙi ƙarewa, an sha jiƙo an sha sassaƙe babu sauƙi. Da ƙyar na shawo kansa ya yarda a je asibiti, shi ma da sharaɗin ba na garinmu ba, Bakura za mu. Daga baya na gane ba mu kaɗai ke wannan dabara ba. Mutanen Mafara su tafi Bakura, na Bakura su zo Mafara, na Maradun su rarrabu, kowa yana gudun idon sani. A mota kuma a haɗu a gaisa, kowa ya ce dubiya za shi.

A can aka gwada jininsa aka ce yana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Ban tambaye shi inda ya same ta ba, har yau ban tambaya ba, kuma ba na son kowa ya tambaye ni. An gwada matarsa da yaransa, Allah ya tsare su. Matar nan 'yar Dosara ce, ba ta da yawan magana, a da har ina ganin ta cika sanyi. Ranar da ta ji, kuka ta yi na yini ɗaya, washegari ta nemo wani ƙaramin kwano mai murfi ta zuba maganinsa, ta zama ita ce agogonsa. Tun daga ranar ban ƙara kiran ta mai sanyi ba.

A hanyarmu ta dawowa daga Bakura ne ya miƙo mini takardar sakamakon, a ninke, bai dube ni ba.

“Malama, ke ad da boko. Ɓoye wagga inda ko ɓera ba ya ganin ta.”

Na kawo ta gida na yi ta tunani. Akwati ana buɗewa, ƙarƙashin katifa yara suna shiga. Sai na tuna da kwalin tsofaffin takardun jarrabawa da ke ƙarƙashin gadona, wanda ko ni da na yi makin ba na son sake gani. Na cusa ta can tsakiya, ina ta yaba wa kaina wayo.

Magani ya karɓe shi. Cikin 'yan watanni kumatunsa suka dawo, muryarsa ta dawo tana tashi tun daga bakin layi. Hankalina ya kwanta, kwanciyar da ta yi yawa. Zango ya ƙare, wani ya zo ya ƙare, kwalin da nake kai masa ya ƙare da wuri saboda kasuwa ta buɗe, ya aiko a ce mini takarda ta yanke. Na durƙusa na jawo wancan tsohon kwali na ƙarƙashin gado, na karkaɗe ƙura, na ɗora a kan babur na kai masa da hannuna. Wallahi ko a raina ban tuna ba.

Yaya ba ya karanta boko. A wurinsa takarda takarda ce, in dai za ta riƙe mai da yaji. Wata la'asar wani ma'aikaci ya sayi balangu ya kai majalisarsu, suka ci suka cinye, yana goge yatsu idonsa ya sauka a kan rubutun. Ga sunan Yaya, ga na babanmu, ga sunan gari, ga hatimi. Da mutumin kirki ne da ya jefa ta a wuta ya yi shiru. Shi kuwa sai ya karanta wa jama'a, har da fassara. Kafin kwana biyu babu inda maganar ba ta kai ba: mahaucin nan mai gyara ƙanjamau gare shi.

Akwai wani dattijo a layinmu da muke kira Baffa. Ba ƙanen babanmu ba ne na jini, amininsa ne, kuma shi ne babba a cikin mahautan layin, abin da ya ce shi ake yi. Shi ya fara riƙa wa Yaya hannu a kan wuƙa yana yaro. Shi ne ya ja shi gefe ya ce ya zauna gida tukuna, kada ya zo kwata, kada ya taɓa nama, don masu saye sun fara ƙaurace wa layin gaba ɗaya. Aka kife teburinmu, ƙafafu a sama. Aka kuma ce in har Babbar Sallah ta wuce, za a ba wani wurin, don ba a barin fili a kasuwa haka nan. Saura wata biyu da 'yan kwanaki.

Na je gidansa na durƙusa a tsakar gida ina kuka, na ce ni ce, ni na kai kwalin. Na so ya zage ni. Na so ya ɗaga murya yadda yake yi wa masu kawo masa ramammiyar saniya. Sai ya ce, “Ƙaddara ta. Tashi.” Ya kuma kira ni da sunana na yanka, sunan da rabon da in ji shi a bakinsa an yi shekaru. Daga ranar babu sauran Malama. Yana gaishe ni, yana tambayar yara, amma da sunana. Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Shi kuwa mai karatun takarda, sau biyu ina ɗaukar mayafi da niyyar in same shi a wurin aikinsa in wanke shi tas, sau biyu matar Yaya tana tare ni a ƙofa. Ta ce in na je na ƙara wa maganar gishiri ne kawai. Gaskiyarta ce, amma har yau ina jin haushin rashin zuwan.

Ranar karɓar magani ta zagayo, na bi shi Bakura ko da bai gayyace ni ba. Wani tsohon malamin asibiti da ke ba su magani ya lura da yadda ya yi zuru-zuru, ya tambaya, ni kuma na kwashe labari na faɗa. Ya ce mu jira, akwai wata lauya da ke zuwa lokaci-lokaci tana zama a wani ɗan ɗaki can baya, tana taimakon masu wannan lalura da ba su da hali, kuma ba a biyan ko kwabo. Yaya ya yi tsaki.

“Lauya kyauta? Yaushe anka fara?”

Ɗakin babu allo a ƙofarsa, babu rubutu, wanda bai sani ba zai ɗauka wurin ajiye tsintsiya ne. A kan benci mun tarar da wata mata daga wajen Gidan Goga wadda dangin mijinta suka hana ta gado saboda cutar, da wani mai gadi da aka sallama daga aiki. Da layi ya zo kanmu muka shiga. Na zaci zan ga wata ƙatuwar hajiya mai gwala-gwalai. Sai ga 'yar mitsitsiyar mace da tabarau, takalminta duk ƙura, tana ɓare gyaɗa a kan wata jaka da ta kusa kai girmanta. Da ta buɗe baki sai na ji harshen gida. Ashe 'yar Maradun ce, 'yar manoma, karatu ne ya fitar da ita ya kuma dawo da ita.

Ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba, abin da ni ban taɓa iyawa ba. Sannan ta yi masa bayani dalla-dalla, cewa akwai doka a ƙasar nan da ta hana a raba mutum da sana'arsa saboda wannan cuta, ta kuma hana a yi ta yawo da sirrin lafiyar wani ba da yardarsa ba. Ta ce in yana so ana iya zuwa kotu, ita za ta tsaya masa. Ni har na gyara zama, raina ya yi fari, ina hango wasu a gaban alƙali. Yaya ya zaro ido.

“In kai Baffa ƙara? Mutumin da yar riƙa min hannu bisa wuƙa? Gara in mutu da yunwa.”

“To, in rubuta mashi takarda?”

“Takarda ai sammaci ta. Kuma Hajiya, ni takarda ta ishe ni hakanan.”

Na sunkuyar da kai. Lauyar ta dube shi, ta dube ni, ta fahimci abin da ba a faɗa ba. Ta tambaye shi abin da yake so, shi da kansa, ba abin da doka za ta iya ba. Ya ce teburin ubansa yake so, ba ya son komai bayan wannan. Ta ce to shi ke nan, gaisuwa za a je yi wa Baffa, amma sai ya ba ta izinin yin maganar lafiyarsa a gaban dattijon, in bai yarda ba ko kalma ba za ta furta ba. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce abin da aka karanta a majalisa wane izini ya rage. Ta ce ya rage, nasa ne, kuma sai ta ji daga bakinsa. Na ga ya ɗan ɗaga kafaɗa da jin haka. Aka yi alkawarin mu dawo bayan mako biyu a tsara yadda za a yi.

A nan ne aka yi kuskuren da ya kusa ɓata komai, kuma har yau ban san wanda zan ɗora wa laifi ba.

Mahauci ba ya iya cin alheri ya tafi hannu sake. Yaya ya sa matarsa ta ba shi ragonta da take kiwo, ya yanka a gida, ya zauna kwana uku yana kilishi. Ya feɗe naman siriri har ana ganin haske ta cikinsa, ya shanya, ya tsoma a tunkuza da kayan yaji, ya sake shanyawa, ya gasa. Rabon da in ga hannunsa yana sarrafa wuƙa haka tun kafin a kife teburin. Ya naɗe shi a takardar buhun siminti, wajen da babu rubutu ko ɗaya. Na lura da wannan.

Da muka shiga ɗakin lauyar ya ajiye ƙunshin a gabanta da hannu biyu. Ƙamshi ya cika ɗakin. Ta yi murmushi, ta sa hannu ta tura masa abinsa a hankali, ta ce aikin nan kyauta ne, ba su karɓar komai daga hannun kowa, ta gode ƙwarai. Ta ci gaba da jawo takardunta, ba ta ga fuskarsa ba. Ni na gani. Mutumin da wata guda ke nan babu wanda ya ci abin da hannunsa ya taɓa sai iyalinsa, yau ya kawo mafi kyawun abin da ya iya, an tura masa. Ya ɗauki ƙunshinsa, ya ce a gafarce shi, ya fita. A mota, da muka kusa gida, ya ce:

“Ita ma ƙyamata ta kai. Bakinta ɗai ad da daɗi.”

Ya ce ya fasa, a ba wa wanda za a ba wurin. Na yi lallashi, matarsa ta yi, ko gezau. Sallah kuma tana ta matsowa, har an fara kawo raguna kasuwa.

Ni dai zuciya gare ni, kowa ya sani. Na samo labarin cewa a makon nan a Maradun take zama, na nemi izini a makaranta, na hau mota duk da halin da hanyar take ciki. Na same ta ta sallami mutum na ƙarshe, ban ko zauna ba na fara. Na ce mata ta san abin da ta yi kuwa? Na ba ta labarin rago, da kwana ukun, da takardar siminti. Na ce a gidanmu mayar wa mahauci nama daidai yake da ce masa hannunsa ƙazami ne, balle mahaucin da gari ya riga ya faɗa masa haka.

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Da ta yi magana muryarta ta sauka. Ta ce ta yi shekaru tana karatun doka, babu wanda ya koya mata mahauci, kuma ta yi kuskure da ba ta dubi fuskarsa ba. Amma ta ce in tuna matar nan ta Gidan Goga da muka gani a benci. In aka ji lauya ta karɓi kilishi, gobe matar nan za ta ga sai ta nemo kaza kafin ta zo, in ba ta samu ba ta zauna gida, gadonta ya tafi. Saboda irinta ne ba su karɓa. Na zo da faɗa cike da ciki, na koma ina sonta.

Bayan kwana biyu sai ga ta a gidan Yaya, da ƙafarta. Ta zauna a tabarma, ta sha ruwan da matarsa ta kawo a kofin gidan har ta nemi ƙari. Ta ba shi haƙuri. Ta ce, “Malam, kyauta dai ba ni karɓa, ko za ka yi hushi da ni har abada. Amma ina sayen nama da kuɗɗina awa kowa. Matsalata guda, mahaucin da nika so in saya wurinshi ba shi da tebur. Ka taimake ni mu maido shi.” Yaya ya sha mur, ya yi ta kallon bango yana wasa da carbi. Can ya ce shi ai bai yi fushi ba, wa ya ce ya yi fushi. Matarsa ta shige ɗaki da sauri don kada dariya ta ƙwace mata.

Zauren Baffa muka je bayan la'asar, mu huɗu: Yaya, lauya, tsohon malamin asibitin nan da ta roƙa ya zo daga Bakura, da ni. Ta tuɓe takalmi tun daga waje, ta zauna gefe, ta ajiye jakarta a rufe. Gaisuwa kawai ta ci lokacin da za a iya dafa shayi a sha. Ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, ta tambayi kasuwa da tsadar shanu da halin da hanyoyi suke ciki, Baffa yana amsawa yana satar kallon jakar. Ya riga ya ji cewa lauya ce, kuma na ga alamar ya kwana da shirin faɗa.

Da aka shiga magana Baffa bai ɓoye tsoronsa ba. Ya ce shi ba ya ƙin yaron nan, ɗansa ne, amma mahauci kullum cikin yanka hannu yake, in jini ya zuba a nama fa? Malamin asibiti ya amsa masa a natse. Ya ce ba a ɗaukar wannan cuta ta cin nama ko ta cin abinci da mai ita, kuma wanda ke shan magani yadda ya kamata cutar kwanciya take yi a jikinsa. Ya ce wanda ya yanke ya wanke ya ɗaure, ya cire yankin da jini ya taɓa, kuma wannan ƙa'ida ce a kan kowane mahauci, har shi Baffa. Ya ƙara da cewa wanda ya san halinsa yana shan magani ai shi ne mai hankali, nawa ne a kasuwa ba su taɓa yin gwajin ba? Baffa ya yi gyaran murya.

Sai lauyar ta ɗora hannu a kan jakarta.

“Baba, ba ni ɓoye maka. Akwai doka bisa wagga magana, kuma tana cikin jakag ga. Ni na so in hiddo ta. Ɗanka ya hana ni. Yac ce gara shi mutu da yunwa da shi kai ka ƙara, don kai kar riƙa mashi hannu bisa wuƙa.”

Yaya ya duƙar da kai yana tsinkar zaren tabarma. Baffa ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar, ya sake cirewa. Na san tsohon nan tun ina rarrafe, ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

“Teburin ubanshi na,” in ji shi. “Ni wa ni ke da za ni ba wani? Shi dawo. Amma ɗiyata, masu saye hwa? Su ban da iko da su.”

Ta ce ran Talata tana da shari'a a garin, in ta fito za ta biyo.

Mai karatun takarda kuwa, lauyar ta rubuta masa wasiƙa, kuma da alama ya karanta ta da kyau, don har gida ya zo ba da haƙuri yana ta gumi. Yaya ya yafe masa nan take. Ni ban amsa gaisuwarsa ba, kuma in muka haɗu a hanya har yanzu waya nake dubawa.

Ran Talata aka tayar da teburin. Aka nemi baƙin dutsen tokare ƙafa aka rasa, sai ga Baffa ya jawo shi daga ƙarƙashin nasa teburin, ya ce wai gudun kada yara su ɗauke ne. Shi ya ba Yaya kaso daga saniyar da ya yanka. Ba zan yi ƙarya in ce ranar komai ya koma daidai ba. Ya ɗauki watanni kafin kasuwarsa ta miƙe, kuma akwai waɗanda har yau suke tsallake shi, cikinsu har da tsofaffin da suka sha cin hantarsa. A ranar dai, da na taso daga makaranta na biyo, na tarar naman safe yana nan kusan yadda aka kawo shi. Mutane suna wucewa suna kallon wani wuri. Yaya ya hura wuta ya ɗora balangu, yana juyawa, ba ya ɗaga kai. Na tsaya daga gefe da jakata a kafaɗa, ban san ko yana son ganina ba.

Can sai ga lauyar tana ratso layi, da baƙar rigar kotu a hannu, tana ɗaga murya kamar wadda aka haifa a kasuwa. Ta yi ciniki na gaske, ta ce naman ya yi kaɗan, ta ce a Maradun da an ba ta ninkinsa. Nan take Yayan da na sani ya farka. Ya ce to ta koma Maradun ɗin mana, can da ake sayar da jijiya a ce tsoka ce. Ya yanko ɗanɗano ya miƙa mata a bakin wuƙa, ta karɓa ta jefa a baki, ta ce yaji ya yi kaɗan. Mahautan layin duk sun bar abin da suke yi suna kallo. Aka daidaita a kan ɗan madaidaici, ta biya, ya yanka mata ya tara.

Sannan ya dube ta, irin kallon nan da yake yi wa mai saye kafin gyara. Ya jawo tozo ya yanka. Ya ƙara hanta. Ya ƙara ƙoda. Ya koma kan tsoka ya yi ta yanka, har abin da ya ƙara ya ninka wanda ta saya sau uku, tulin yana neman zubowa.

“Malam,” in ji ta, “mun hwa yi magana.”

“Wanga ba kyauta ba ta, Hajiya. Gyara na. Tambayi kowa cikin layin ga in ana maida gyara.”

Daga can teburinsa Baffa ya ɗaga murya: “Ba a maidawa, ɗiyata. Ko cikin jakarki babu wagga doka.”

Layin ya kwashe da dariya. Ta dubi naman, ta dubi Yaya, ta ɗaga hannu biyu ta ce an ci ta da shari'a, masu zuwa wurinta a ɗakin nan na Bakura yau za su ci balangu. Wata mata da ta daɗe tana tsaye nesa ta matso tana tambayar nawa-nawa ne.

Yaya ya kai hannu ƙarƙashin tebur inda kwalin takarda yake zama, babu komai sai 'yan guntayen takardar siminti da ba za su ɗauki ko rabin tulin ba. Ya laluba, ya sake lalubawa. Bai waiwayo ba ya ce:

“Malama, ina takarda?”

Akwai takardun zangon da ya wuce a jakata. Na yi makonni ina yawo da su, na kasa kai masa, na kasa ƙonawa. Na zaro su, na fara duba ta farko gaba da baya, na ajiye, na ɗauki ta biyu ina bin ta layi-layi. Ban kai ta uku ba ya miƙo hannu ya fizge su gaba ɗaya, bai ko kalle su ba.

“Ba ni nan, nama na hucewa.”

Na juya baya ina goge ido da mayafi, na ce hayaƙi ne.

“I, Malama,” in ji shi, yana naɗi. “Itacen ga ɗanye na.”